Kilo 34 a bayan keke, daga Aboabo zuwa Salaga

Tun da na sa hotunan tafiyar da na yi a keke daga Kumasi zuwa Salaga da ke arewacin Ghana a sitatus mutane suka dame ni da tambaya guda, wai kaya kilo nawa ake ɗora wa keke in za a yi tafiyar kwanaki ana kwana a hanya. Wani yaro daga unguwar Nima a Accra har saƙon murya ya turo min na kusan minti shida, ya lissafo abubuwan da ya tara, ina ji ina dariya ni kaɗai a shago don kamar ni nake jin kaina kafin tafiyata ta farko. To bari in rubuta sau ɗaya in huta, duk wanda ya sake tambaya sai in tura masa nan.

Ni dai yanzu ba na wuce kilo 13 zuwa 15, ban da ruwa. Amma ba da wayo na gano haka ba, jiki ne ya gaya min.

Tafiyar farko a Disamban 2022 na yi ta, ni da wani abokina da muka taso tare a Aboabo, unguwarmu a Kumasi. Abin da ya sa Salaga kuwa, tun muna yara Mma take ba mu labarin cewa kakan babanta bafatake ne, goro yake saye a can ya kora jakuna har Kano, kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 ne zuriyar ta gangaro kudu kamar yadda Hausawa da yawa suka watsu zuwa Yeji da Atebubu da Kete Krachi da nan Kumasi. Sai na ce bari in bi hanyar a baibai, in tashi daga inda muka ƙare in koma inda aka faro: Mampong, Ejura, Amantin, Atebubu, Prang, Yeji, a tsallaka ruwa zuwa Makango, sai Salaga. Tsohuwar hanyar Tamale kenan ma kafin madatsar Akosombo ta cika tafkin Volta a shekarun 1960. Daga Kumasi zuwa Yeji ya ɗan haura kilomita 200, ba wani abin a zo a gani ba ne ga masu keke na gaske, amma ga mai shagon gyaran waya da ke wuni a zaune kan benci ai tafiya ce.

Kekena hom-yus ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, na ƙarfe, taya 26, giya 21, shi kaɗai ba kaya kilo 16. Na zauna na kalli bidiyon Turawa a YouTube har idona ya yi ja, masu zagaya duniya da jaka huɗu da wata a saman kariya, na ce to haka ake yi. Abin da ban yi tunani ba shi ne mutumin da zai ratsa hamada ko ƙasar ƙanƙara wata shida daban, ni da zan bi titin da kowane kilomita goma sai ka tarar da mai koko da ƙosai daban.

Ku ji abin da na ɗauka don Allah. Silindar gas ƙarama, wadda ake ce wa mai kilo 3, ashe kilo 3 ɗin gas ɗin ciki ne kawai, da ƙarfen da kan murhun ta kai 7. Tanti na aro wajen wani ɗan sikawut, na mutum huɗu, kilo 4, mu biyu kacal. Tukunya biyu da butar shayi da kwanuka. Shinkafa, garin rogo rabin olonka (gwangwanin awo na nan Ghana), gwangwanayen sadin, Milo babban gwangwani, suga, kwalbar shito (soyayyen yajin nan na Ghana), waɗannan kaɗai sun yi kilo 5. Kaya kala bakwai don wai kullum in canza, da bargo mai kauri irin wanda ake kawo wa amarya. Sifana har da wadda ba ta shiga ko noti ɗaya a jikin keken, sabuwar taya guda a naɗe. Da laftof, wlh har yau ban san me na yi niyyar yi da ita a daji ba.

Sannan ga babban abin da babu Baturen da zai faɗa maka a bidiyo: saƙo. Kai dai ka kuskura ka ce a zango za ka Yeji ko Salaga. Kafin magariba an kawo atamfa turmi biyu a kai wa wata gwaggo a Prang, wata maƙwabciya ta kawo man shafawa da sabulai na 'yarta da ke aure a Yeji, Kawu ya kawo littattafai uku manya a kai wa wani malami. Na ce Kawu a keke fa zan tafi. Ya ce "to ai shi ya sa na ba ka, mota ba ta tsayawa a ƙofar gidansa." Me za ka ce? Kilo 5 cif na saƙo.

Daren tafiya na ɗauko sikelin ratayen da Mma ta auna kayanta na Makka da shi, na auna ɗaya bayan ɗaya na haɗa, 34. Da ruwa lita uku 37. A jikin kariyar kuwa an buga 25kg ƙarara, na gani da idona, na ce ai Turawa ne da tsoro, mu nan buhun gawayi ake ɗorawa. Mma ta fito alwala ta tsaya ta kalli keken an jingine shi da bango ya yi tozo kamar raƙumi, ta ce "kai, ƙaura za ka yi ne ba ka faɗa min ba?" Na ce Mma shiri ne. Ta ce "Allah ya kiyaye hanya," ta wuce, amma yadda ta faɗe shi na san akwai sauran magana a ciki.

Daga Tafo zuwa Pankrono zuwa Ntonso ban ji komai ba sosai, har ina yi wa abokina tsiya shi da ya ɗaura 'yar jakarsa da tabarma kawai. Nan ne nauyi yake yaudarar mutum, a miƙaƙƙen titi in keke ya riga ya ɗau gudu kilo goma ba ya hana ka komai, iska ce ma ta fi cin ƙarfinka. Inda yake fito da halinsa shi ne wajen tashi daga tsaye, wajen birki, da wajen hawa. Kuma ƙasar Asante ba ta san miƙaƙƙe ba, ka hau ka gangara ka hau ka gangara, kowane gari kuma an jera maka tudun rage gudu huɗu biyar, kowanne in tayar baya ta dira a kai sai ka ji ƙarar har cikin haƙoranka.

Sai muka wuce Agona muka iso Jamasi, muka fuskanci hawan Mampong.

Wanda ya saba wuce wurin a mota ba zai gane ba, don a mota kallon daji kake kana cewa masha Allah. A keke kuwa titin yana murɗawa yana hawa, ka ce ga ƙarshe nan a kwanar gaba, ka isa kwanar ka ga wata. Na sauke giya har ta ƙarshe, ina taka feda keken yana tafiya kamar hawainiya, kuma saboda duk kayan a baya suke sai tayar gaba ta riƙa ɗagawa tana rawa, in na ja hannun keken da ƙarfi sai in ji kamar zai kifar da ni ta baya. Wata babbar mota ɗauke da doya tana gangarowa tana ta hon, na kauce gefe, ƙafata ta taɓa ƙasa, shi kenan, na kasa sake tashi. Sau uku ina gwadawa. Ƙarshe turawa na koma yi, kuma tura keke mai kaya a hawa ya fi tuƙa shi azaba don feda tana dukan ƙwaurinka kayan suna ja ka gefe. Wata tsohuwa da ƙunshin itace a ka ta zo ta wuce ni, ta waiwayo ta ce min "due", ba da Turanci ba, da Asantanci, irin sannun da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

Lissafin ba wuya. Ni kilo 78 ne, keke 16, kaya da ruwa 37, jimla 131, kuma a hawa duk wannan ƙafafunka ne za su ɗaga shi sama, babu ragi. A tafiya ta biyu da na koma kilo 13 da ruwa lita uku jimlar ta zama 110. Bambancin 21, wato kusan kashi ɗaya cikin shida, hawan da zai ci maka awa guda ya dawo wajen minti 50. In ka ji haka sai ka ce ai minti goma ba komai ba ne, kuma gaskiya ne da a ce abin a nan ya tsaya. Amma akwai wani gudu da in ka yi ƙasa da shi keke ba ya tsayuwa, dole ka sauka, to wannan kilo 21 ɗin shi ne tsakanin mai tuƙi da mai turi. Karo na biyu ban sauka ba ko sau ɗaya, na yi haki kam, amma ina kan sirdi.

Ana saura kaɗan mu shiga Mampong na ji "tas!" a baya, can kuma wani "tas!". Wayoyin taya biyu sun tsinke, wilin ya karkace yana gogar birki, shaf shaf shaf kowane juyi. Muka lallaɓa wajen wani dattijo mai gyaran keke a gefen tasha, mutumin arewa ne yana jin Hausa sosai. Bai ma fara duba tayar ba, ya kama sirdi ya gwada ɗaga bayan keken, ya kasa, ya sake shi ya kalle ni. Ya ce "ɗana, jaki ma in za a yi masa lodi ana raba masa gida biyu." Wayoyin kuma na ɓangaren sarƙa ne, su ne suka fi ɗaurewa kuma su suka fi tsinkewa, sai an kwance firiwil kafin a sa sabbi, abin da duk sifanun da na kwaso ba mai iya yi. Yana aiki yana sa ni ina kwance kaya ina shimfiɗawa a ƙasa, yara sun kewaye mu suna kallo kamar an buɗe gwanjo. Duk abin da ya nuna da baki sai ya ce "wannan fa, yau ka taɓa shi?" In na ce a'a sai ya ce "gobe fa?" Da ya zo kan silinda bai ce komai ba, dariya kawai ya yi har da tari.

A nan tashar na cika buhu guda, silinda da tukwane da shinkafa da laftof da bargo da rabin tufafin, na ba direban Kumasi na biya kuɗin kaya, na kira ƙanena ya je ya karɓa. Kilo 16 suka koma gida a ranar farko. Ƙanena ya ce da ya shiga da buhun Mma ba ta ce uffan ba, ta dai ce a ajiye silindar a kicin tunda dama tata ce.

Na san wani zai ce to masu keken Phoenix da ke ɗaukar buhun masara ko jarkoki huɗu na ruwa fa, ai sun ninka naka. Haka ne, kuma ina sara musu. Amma ka lura daga gona zuwa kasuwa suke zuwa, in sun zo hawa sauka suke yi ba kunya, kuma gobe ba sa tashi da asuba su sake yin kilomita 70, jibi ma haka. Kuma kada wani ya ce zai je Magajin a Suame, unguwar makanikai da masu walda ta Kumasi, a walda masa kariya da rodi shi kenan ya warware matsala. Na yi wannan tunanin ni ma. Kariyar ba za ta karye ba kam, amma ita kanta ta ƙara maka kilo biyu ko uku, nauyin kuma yana nan yana sauka kan wayoyi 36 ɗin nan da ba su san an yi walda ba.

Yanzu ga yadda 13 ɗin take. Wurin kwana shi ne babba, wajen kilo 4 duka: ƙaramin tanti mai gidan sauro wanda yake tsayawa da kansa ba sai an kafa turaku ba, 'yar katifar soso siririya, da mayafi mara nauyi. Maganar tsayawa da kansa ɗin nan ku riƙe ta, don a hanyar nan sau da yawa ba a daji za ka kwana ba, za ka shiga gari ka gaida liman ko sarkin zango ka ce baƙo ne kai, a nuna maka barandar masallaci ko ta makaranta, siminti ne, ina za ka buga turke? Gidan sauro kuwa ko da me zan rage ba zan rage shi ba, sauron bakin ruwa a Yeji ba ya wasa, kuma zazzaɓi a kan keke ba abin da zan yi wa maƙiyina fata ba ne. Bargo mai kauri ba ka buƙata, ko a hunturu da sanyin asuba ke shiga ƙashi bayan Ejura, mayafi da rigar sanyi ɗaya da safa sun ishe ni.

Tufafi kala biyu na tuƙi, ɗaya a jiki ɗaya a jaka, in ka sauka da yamma ka wanke na jikin ka shanya, iskar hunturu kafin ka gama cin tuwo ta busar. Sai jallabiya guda mai tsabta ta Juma'a da ta gaida manya, don ba za ka shiga zauren mai gari da gajeren wando mai kama jiki ba, a ɗauke ka wani iri. Silifas. Ƙaramar sallaya.

Kayan gyara ba su kai kilo ɗaya da rabi ba: famfo, tib biyu, faci da sholisho, abin cire taya, 'yan makullan da suka dace da notocin kekenka kai, ba na keken maƙwabci ba, filaya ƙarama, wayoyin taya huɗu na ɗaure su a jikin firam da salatif, man sarƙa a 'yar kwalba, da robar tsohon tib da aka yanka, wadda ita kam ba abin da ba ta ɗaurewa. Fitilar gaba da ta baya dole, tocila, fawa bank ɗaya, caja. Magani kaɗan, da gishirin ORS.

Girki na daina gaba ɗaya. Koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, tuwon zafi ko doya da dare, ga mai shayi da burodi da ƙwai kusan kowane gari, ga fura in ka yi sa'a. Abin da nake riƙewa na ko-ta-kwana shi ne garin rogo kofi biyu da suga da gyaɗa da dabino, in yunwa ta kama ka tsakanin gari da gari ka jiƙa ka sha ka tashi. Wanda ba ya iya rayuwa sai ya dafa shayinsa da kansa, to ya nemi ɗan ƙaramin risho, amma ya sani son rai ya ɗauka ba larura ba.

Duk wannan ragin da nake yi saboda ruwa nake yin sa, don shi ne kayan da ba a yi masa rowa, kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce ba yadda za ka yi da ita. Ledar fiya wota rabin lita ce, buhu mai guda 30 kilo 15 kenan, ka ga ya fi duk kayana nauyi. Daga Kumasi zuwa Ejura lita biyu zuwa uku sun isa tunda kana saye kana tafiya. Amma daga Atebubu ka miƙa Prang da Yeji, da kuma bayan an tsallaka daga Makango, garuruwa sun fara nisa da juna, inuwa ta ragu, rana ta buɗe, nan nake kai shi biyar ko shida. Kuma mu lissafinmu ba irin na masu bidiyo ba ne, akwai alwala, akwai tsarki, ko da kana haɗa salloli kana ƙasaru sai ka ware wajen lita guda don wannan. In kayanka sun riga sun kai 25 tun daga gida, ina za ka sa wannan shidan? Sai ka fara yi wa kanka ƙwauron ruwa, daga nan ciwon kai, daga nan sai labari ya canza.

Yadda aka ɗora ma yana da nasa. Masu nauyi a ƙasa kusa da tsakiyar taya, hagu da dama su yi daidai, sannan a kai wani abu gaba ko kilo huɗu ne don kan keken ya zauna. Jakunkunan Ortlieb da ake ta yabo suna da kyau, ruwa ba ya shiga, amma kuɗinsu ya kusa sayen wani keken. Ni galan biyu na samu, rawayan nan da muke ce wa galan Kufuor, na yanke samansu na yi musu marfi da ƙugiya, ruwa ba ya shiga, ƙura ba ta shiga, in an sauka kuma kujera ce. Sai dai suna da faɗi, in ka ga wuri sai ka ji kana son cika shi, wannan ma jarabawa ce.

Gwajin da nake ba kowa kafin ya fita: ka gama lodi tsaf, ka cika gorunan ruwa, sannan ka ɗaga keken kai kaɗai ka tsallaka da shi gwatar ƙofar gidanku. In sai an kama maka, koma ka rage. Don za ka ɗaga shi a hanya ko kana so ko ba ka so. Mu a Yeji mun makara babban jirgin fito ya tashi, sai na katako mai inji muka shiga, ka shiga ruwa har gwiwa ka miƙa keke sama a karɓa, ga mata da kwandunan kifi, ga babura, ga awaki, ba mai lokacinka. Na tuna da silindar nan a lokacin na ce alhamdu lillahi da tana kicin ɗin Mma.

Saƙo kuwa yanzu na koyi dabara, ba na faɗin ranar tafiya sai ana gobe da daddare, kuma duk da haka nakan bar gurbin kilo biyu don Kawu ba ya rasa jin labari.

Abin da ban samo wa dabara ba shi ne dawowa. A tafiya ta biyu, Janairun 2024, na iso Prang da kayana 'yan kilo 13 ina jin kaina kamar tsuntsu, na sauka gidan gwaggon nan da aka taɓa aiko ni wajenta da atamfa. Da safe ina ɗaure kaya sai ga ta ta fito da doya uku, irin manyan nan na yankin da kowace ta kai tsawon hannu, yaro na biye da ita da ƙullin busasshen kifi. Na ce Gwaggo don Allah, keke ne fa, ga hawa a gaba. Ta ce "ka kai wa uwarka, ka ce ina gaishe ta," ta juya ta shiga ciki. Na tsaya ina kallon doya, doya na kallona. Biyu na sa a galan ɗaya ɗaya, ta ukun na ɗaure ta a kan kariya da robar tib, da na iso gida na rataya su a sikelin Mma, kilo 11.